Matsakaici ɗaya ne, amma gwaji huɗu sun ba ni lamba huɗu: yaya ake haɗa su?

ɗalibar_ƙididdiga ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina neman taimako, kwana uku kenan ina fama da wani aiki da aka ba mu kuma kaina ya ƙulle gaba ɗaya.

Bayanan da aka ba mu tsofaffi ne, waɗanda Paul Meier ya yi amfani da su a 1953. Gwaji huɗu ne daban-daban, duk ana auna abu guda, wato kason albumin cikin ɗari a furotin ɗin ruwan jinin mutum. Ga yadda suke:

Na 1: mutum 12, matsakaici 62.3, bariyans 12.986
Na 2: mutum 15, matsakaici 60.3, bariyans 7.840
Na 3: mutum 7, matsakaici 59.5, bariyans 33.433
Na 4: mutum 16, matsakaici 61.5, bariyans 18.513

An ce mu ɗauka duka huɗun rarrabuwarsu nomal ce, matsakaicinsu na gaskiya guda ɗaya ne, sai dai kowanne da nasa bariyans (ma'aunin yadda lambobin suka warwatsu) kuma ba a san ko ɗaya ba. Mu fitar da ƙiyasin wannan matsakaicin da tazarar amincewa ta kashi 95.

To ni da farko tarawa na yi na raba da huɗu, na samu 60.9. Wata ƙawata ta ce a'a ai yawan mutanen ba ɗaya ba ne, sai na ninka kowanne da adadinsa na raba da 50, ya ba ni 61.05. Daga baya na ga ana cewa nauyin da ya kamata a ba kowane gwaji shi ne n/s², wato adadin mutanensa a raba da bariyans ɗinsa, wai sunansa Graybill-Deal, na gwada shi ma ya ba ni 60.99. Yanzu amsa uku ke hannuna kuma ban san wacce zan rubuta ba, ballantana tazarar. Da na ƙarshen na ɗauki 1 na raba da jimlar nauyin, na cire tushensa na samu 0.506, na ninka da 1.96, tazarar ta fito daga 60.00 zuwa 61.99. Amma zuciyata ba ta kwanta ba don na ga ta matse sosai, kuma abin ya zo da sauƙi da yawa. Shin haka ake yi ko akwai inda na kauce?

Yayanku_mai_R ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai a ganina kina wahalar da kanki ne. Na jefa lambobinki a gwajin Bartlett mai duba ko bariyans sun bambanta, ya ba ni 5.14, kuma iyakar kai-sikwaya mai digirin 'yanci 3 ita ce 7.81, kin ga ke nan bai ce bariyans ɗin sun bambanta ba. Ki zuba su duka a kwano ɗaya kawai, samfur guda mai mutum 50. Matsakaici 61.05, bariyans wajen 15.9, kuskuren ƙiyasi 0.564, ki ninka da t mai digiri 49 wato 2.01, ki samu 59.92 zuwa 62.18. Shikenan ki je ki yi barci. 60.9 ne ko 60.99 ne ko 61.05, wa zai tsaya faɗa a kan wannan ɗan bambancin?

Malam_Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama hankalinki da bai kwanta ba yana da gaskiya, kuma daidai wurin da matsalar take kika sa yatsa. Ɗan'uwa na sama ma akwai rabin gaskiya a maganarsa, a kan lamba ta tsakiya babu abin faɗa a waɗannan bayanan. Rigimar tana wajen faɗin tazarar.

Bari mu fara da inda nauyin nan ya samo asali. Da a ce kin san bariyans na gaskiya na kowane gwaji, σ², to da magana ta ƙare tun tuni. Bariyans na kowane matsakaici shi ne σ²/n, sai ki ba kowanne nauyi kishiyar haka wato n/σ², wanda ya fi nutsuwa ya fi samun murya. Babu wani haɗi da ya fi wannan, kuma bariyans ɗinsa shi ne 1 a kan jimlar nauyin, cif-cif. Abin da Graybill da Deal suka yi a 1959 shi ne suka ce to tunda ba mu san σ² ba mu sa s² a gurbinsa mu ga abin da zai faru. Ƙiyasin da ya fito ba ya karkata, dalili kuwa a rarrabuwar nomal matsakaicin samfur da s² ɗinsa ba ruwan wani da wani, don haka nauyin bai san ko matsakaicin ya yi sama ko ƙasa ba balle ya ja shi gefe guda. Har nan lafiya lau, 60.99 ɗinki daidai ne, ni ma shi na samu.

Inda kika kauce shi ne 0.506. Wannan lissafin na wanda ya SAN bariyans ne, ke kuma ƙiyasta shi kika yi, daga mutum 7 ma a wani wurin. Sau biyu abin yake cutar da ke. Na farko nauyin da kika yi amfani da shi ba shi ne nauyin da ya dace ba, ɗan kusa da shi ne kawai, don haka ƙiyasin ya fi yadda kike zato rawa. Na biyu kuma 1/s² kullum yana zuzuta kansa. A matsakaici 1/s² yana fin 1/σ² da ninkin (n-1)/(n-3). Ki sa n = 7 ki gani, 6/4 ne, wato gwaji na 3 yana nuna miki ya fi ainihin ingancinsa da rabi guda. In n = 4 ne ninki uku. In n = 3 ne ma lissafin ba shi da iyaka, ya tsere. Ki kwatanta da shaidu huɗu da aka ce kowa ya faɗi da bakinsa yadda idonsa ke gani, wanda ya yi sa'a kalamansa biyu-uku suka zo iri ɗaya sai ya fi kowa ɗaga murya, ba don ya fi kowa gani ba.

Shi Meier ɗin da ya kawo bayanan nan, ai wannan matsalar ce ta sa ya rubuta takardarsa. Gyaransa ga shi: ki mayar da nauyin ya zama kaso, c, yadda jimlarsu za ta zama 1. Naki su ne 0.236, 0.489, 0.054, 0.221. Ga kowanne ki lissafa c(1-c)/(n-1), ki tara, zai ba ki wajen 0.054, ki ninka da 4 ki ƙara 1, ya zama 1.217. Da shi za ki ninka bariyans ɗinki na 0.2557 (1 a kan jimlar nauyin, wanda tushensa ya ba ki 0.506), ya koma 0.311, tushensa 0.558. Tazarar ta buɗe zuwa 59.90 da 62.09.

Yanzu ga abin dariyar. Ki koma kan 61.05 na ƙawarki, ki lissafa kuskurensa ba tare da kin ɗauka bariyans ɗaya ba ne, wato jimlar n×s² a raba da 50², zai ba ki 0.567. Ga 0.567 ga 0.558. Duk wannan wahalar nauyin, ribar da aka ci ke nan, don rashin sanin bariyans ya cinye kusan duka. Wanda ya faɗi warwas shi ne 60.9 na raba-da-huɗu, kuskurensa 0.686, saboda ya ba gwaji na 3 kwata guda alhali shi ne mafi ƙarancin mutane kuma mafi warwatsuwa.

Amma ɗan'uwa mai R, Bartlett da bai ƙi ba ba ya nufin ya shaida bariyans ɗaya ne fa. Da samfur 7 da 12 ba shi da ƙarfin da zai kama bambanci sai ya yi muni sosai, kuma tambayar da kanta ta ce a ɗauka sun bambanta. A nan kwanonka bai zubar da miya ba don sa'a aka yi lambobin suka zo haka.

ɗalibar_ƙididdiga ta sake rubutawa:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na fahimci abin da ya sa zuciyata ke ƙin 0.506 ɗin. Na sake bi da kalkuleta na samu 1.217 kamar yadda ka ce.

Sai dai abu biyu. Na ga an rubuta wai Graybill-Deal ba ya aiki sai kowane samfur ya kai 11, ni kuma ga 7 a cikin nawa, to ya halatta ma in yi amfani da shi kuwa? Sannan 1.96 ɗin nan har yanzu yana damuna, a darasin samfur ɗaya an ce mana in ba a san bariyans ba t ake ɗauka, to a nan t mai digiri nawa? Kuma me ya hana a yi da hanyar laikilihud (zaɓar ƙiyasin da bayanan suka fi yiwuwa a ƙarƙashinsa) kawai a huta, ba ita ce uwar ƙiyasi ba?

Malam_Lissafi ya amsa:

Maganar 11 gaskiya ce amma ba haka ake karanta ta ba. Tambayar da suka yi ita ce, yaushe ne za a iya rantsuwa cewa haɗin ya fi KOWANE ɗaya daga cikin matsakaitan shi kaɗai, ko yaya bariyans na gaskiya suke? Graybill da Deal sun yi na samfur biyu, Norwood da Hinkelmann suka faɗaɗa shi a 1977 zuwa ko guda nawa ne: sai dai kowane n ya kai 11, ko kuma ɗaya ya zama 10 sauran duka su kai 19. In ba haka ba akwai yanayin da gara ki riƙe gwaji ɗaya mai kyau ki watsar da sauran. Yanayin kuwa shi ne a ce wani gwaji yana da inganci ƙwarai, ɗan ƙaramin samfur mara inganci kuma ya yi sa'ar ƙaramin s² ya ƙwaci nauyin da bai cancanta ba. Garanti ne kika rasa, ba haramci aka ɗora miki ba. A naki mafi kyawun gwaji shi ne na 2, kuskurensa shi kaɗai 0.723, haɗin kuma 0.558, kuma mai mutum 7 ɗin kashi 5 kacal ya samu. Ki yi amfani da shi, ki rubuta layi ɗaya cewa sharaɗin bai cika ba.

Na t kuma, babu wani digiri guda da yake daidai cif, shi ya sa aka shekara da shekaru ana rubutu a kan wannan 'yar tambayar. Tushen wahalar shi ne abubuwan da ba ki sani ba biyar ne, matsakaici ɗaya da bariyans huɗu, amma lambobin da dole ki riƙe daga bayanan takwas ne, ba sa matsuwa su koma biyar. Wannan rarar ce ta sa babu wani ƙiyasi mara karkata guda ɗaya da ya doke kowa a kowane hali.

In kina son tazarar da ba ta dogara da kusanto ba, ki duba ta Fairweather ta 1972. Dabararsa mai kyau ce. Ga kowane gwaji, √n(x̄-μ)/s, inda x̄ matsakaicin gwajin ne μ kuma matsakaicin gaskiya, rarrabuwar t yake bi mai digiri n-1, babu σ a ciki ko kaɗan. Sai ya tara t ɗin nan huɗu, kowanne da nauyin (n-3)/(n-1), nauyin da bai dogara da bayanan ba sai yawan samfur, don haka rarrabuwar jimlar sananniya ce, sai a warware a fitar da μ. Dole kowane n ya wuce 3. A bayananki yana ba da 61.04, a ƙara ko a rage 1.15. Ki lura tsakiyarsa ba 60.99 ba ce, don shi da √n/s yake aunawa ba n/s² ba, kada ki ɗauka kuskure kika yi.

Akwai kuma ta Krishnamoorthy da Lu ta 2003 da aka gina a kan dabarar Weerahandi, ita simuleshan ce kuma layi goma na manhajar R ya ishe ta. A kowane zagaye ki zaro t mai digiri n-1 ga kowane gwaji ki lissafa x̄ - t×s/√n, ki zaro kai-sikwaya U mai digiri n-1 ki yi nauyi nU/((n-1)s²), ki haɗa su ki ajiye. Ki maimaita sau dubu ɗari, ki yanke kashi 2.5 na ƙasa da na sama. Abin da nake so da ita shi ne da idonki za ki ga nauyin yana rawa daga zagaye zuwa zagaye, abin da 0.506 ya yi kamar babu shi.

Laikilihud kuwa ana yi, amma ba ta da fomula a rufe, sai kwamfuta ta yi ta lalube. In kika share lissafin zai zama folinomiyal mai daraja 2k-1, k kuwa adadin gwaji ne, ga gwaji huɗu daraja 7 ke nan, kuma in matsakaitan sun yi nesa da juna tana iya yin tozo fiye da ɗaya, kwamfutar ta hau na kusa da ita ta ce miki ta iso. Kuma kuskuren da take bayarwa na manyan samfur ne, ciwon 0.506 ɗin dai bai warke ba.

mai_aikin_lab ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam ka yi bayani har ni na ƙaru, amma ka yi haƙuri in ɗan jefa tsakuwa a ruwan, don ni ba a aji nake haɗuwa da wannan abin ba, a kan benci nake haɗuwa da shi.

Duk abin da aka faɗa a sama yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya, cewa matsakaicin guda ne. A aikin makaranta an ba ki shi kyauta ƙanwata, a wajen aiki babu mai ba ki. Ko da abu ɗaya ake aunawa, kowace na'ura da kowace hanya tana da 'yar karkatarta da ba ta fita ko sau dubu aka maimaita awon, kuma s² bai san da ita ba sam, shi dai yana faɗa miki yadda na'urar ke maimaita kanta ne. Agogon da ya tsaya ai ya fi kowane agogo maimaita kansa.

Akwai wasu bayanan da ake yawan kawowa tare da na Meier, na Eberhardt da Reeve da Spiegelman na 1989, awon sinadarin seleniyam a garin madara mara kitse ta hanyoyi huɗu. Matsakaitan 105.0 da 109.75 da 109.5 da 113.25. Hanya ta uku bariyans ɗinta 2.729 da awo 14, ta farko kuma 85.711 da awo 8. Ki yi n/s² ki gani, ta ukun ita kaɗai ta kwashe wajen kashi 85 na nauyin, amsar ta fito 109.6, kusan tamkar ba a yi sauran ukun ba. In hanyar nan tana da gaskiya madalla. In kuwa tana da wata karkata a ɓoye, to kin ɗauki kuskurenta kin yi masa rawani da 'yar siririyar tazara.

Ni na taɓa cin wannan wainar. Wata na'urarmu ta yi watanni tana ba da lambobi masu kyau kamar an zana, duk lokacin da muka haɗa sakamako ita ke jan ragamar, ashe ruwan da ake daidaita ta da shi ne ya lalace, tana maimaita kuskure ɗaya tsaf-tsaf. Tsohuwar da muke rainawa don lambobinta na tsalle ita ce ke kusa da gaskiya. Sai da muka sake aikin wata biyu.

Don haka kafin komai ki gwada ko sun yarda da juna. Q na Cochran, jimlar nauyi × (x̄ - 60.99)². Na yi miki, 1.57 da 0.92 da 0.47 da 0.22, jimla wajen 3.19, digiri 3. Abin da ake tsammani in matsakaicin ɗaya ne wajen 3 ne, kin ga naki lafiyarsa ƙalau. Da ya yi sama sosai sai a bar wannan tsarin na matsakaici guda a koma wanda ke ba kowane lab tasa karkatar, irin na Mandel da Paule ko DerSimonian da Laird na 1986 da 'yan meta-analisis ke amfani da shi, duka suna cikin kunshin metafor na R. Masana fiziks ma suna da tasu dabarar, in Q/(k-1) ya wuce 1 sai su buɗe kuskuren da tushensa, rabon Birge suke ce masa.

Malam_Lissafi ya amsa:

Hajiya babu abin da zan cire a maganarki. Ƙari ɗaya kawai, Q ɗin ma da nauyin ƙiyasi aka gina shi, don haka a ƙananan samfur yana saurin ihu fiye da yadda teburin kai-sikwaya ke nunawa, gwajin Welch na 1951 shi ne ya gyara wannan. A nan tunda ko mai saurin ihun bai yi ihu ba, ba sai an je ga Welch ba. Kuma da gwaji huɗu kacal, shirunsa ba hujja ce mai ƙarfi ba, abin da na gaya wa mai R a kan Bartlett ya hau kaina ni ma.

Wani abu da zai ba ki sha'awa tunda kin kawo maganar benci, asalin tambayar ma daga gona ta fito. Frank Yates a Rothamsted ta Ingila, wajen 1940, yana da ƙiyasi biyu na bambancin iri guda, ɗaya daga cikin kowane rukunin fuloti ɗaya daga tsakanin rukunan, kowanne da nasa bariyans, yana neman yadda zai haɗa su kada bayani ya zube.

Yayanku_mai_R ya amsa:

To ni dai na ga duk kun zaga kun zaga kun dawo 59.9 zuwa 62.2 ɗin da na faɗa tun farko 😂 Amma na yarda, na gwada kwanona a kan na seleniyam ɗin Hajiya, Bartlett ya yi tsalle ya dire, can kam ba a zuba su wuri ɗaya.

ɗalibar_ƙididdiga ta rufe:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Na yi simuleshan ɗin da daddare, zagaye dubu ɗari, ya ba ni wajen 59.8 zuwa 62.2, kuma na zana nauyin gwaji na 2 na ga yana yawo daga ƙasa da 0.3 har sama da 0.65, ni da na rubuta 0.489 har lamba uku kamar na auna da sikeli. Abin da zan miƙa: Q tukuna, sai 60.99 da kuskuren Meier 0.558, sai Fairweather da simuleshan a gefe, da layin nan na cewa akwai samfur mai 7. Malam sauran abu ɗaya, a Fairweather ɗin ina ake samo lambar da ake ninkawa ta fitar da 1.15? Ni simuleshan na yi mata ita ma, na tara t huɗun da nauyinsu bayan na mayar da jimlar nauyin 1, na samu wajen 1.10, in akwai tebur a nuna min don malaminmu ba ya son a ce masa kwamfuta ce ta faɗa.